Tsohuwar Mota Mai Araha: Rabo Ce Ko Tarko?

A makon jiya na yi alƙawarin za mu ci gaba da tattaunawa kan tsadar kuɗin haya a biranenmu, amma ina neman afuwa, zan ɗage wannan batu zuwa mako mai zuwa. Wani al'amari ne ya gifta wanda nake ganin ya shafi dubban ma'aikata irina, kuma gara a faɗe shi tun da ɗuminsa.

Kimanin wata biyu da suka wuce, bayan sallar Isha'i, wani tsohon ɗalibina ya kira ni a waya. Na koyar da shi shekara takwas baya, yanzu kuma malami ne a wata makarantar sakandare da ke da tazarar kilomita 20 daga gidansa. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, shawara nake nema. An yi mini tayin mota, mai ita kuma ya ce in ban kai kuɗi gobe da yamma ba, akwai wanda ke jira." Motar ƙirar 2004 ce, an shigo da ita daga Amurka shekaru da dama da suka wuce, ta kuma bi ta hannun mutum biyu ko uku a nan gida. Kuɗinta Naira miliyan 2.6, alhali irinta a kasuwa ta fi haka da kusan miliyan guda. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne mitar da ke ƙirga tafiyar motar, wadda kanikawa ke kira maileji, tana nuna 240,000. Ya ce, "Malam, in saya ko in haƙura?"

Kafin in ba shi amsa sai na tambaye shi nawa ne a hannunsa, kuma daga ina. Ya ce Naira miliyan 2.8 ne cif. Miliyan 1.3 adashin shekara biyu ne, sauran kuma rance ne daga ƙungiyar gama-kai ta malamai, wanda za a riƙa cira daga albashinsa har tsawon wata 24. Matarsa tana da tsohon ciki, mahaifiyarsa tana zuwa asibiti duk wata saboda ciwon suga, shi kuwa babur kaɗai gare shi. Da na ji haka na san tambayar ta wuce ta ƙarfe da taya. Gumin shekara biyu da ya wuce da albashin shekara biyu mai zuwa ne yake shirin damƙa wa mutumin da bai sani ba, cikin awa ashirin da huɗu.

Yana da kyau matasa su san cewa ba haka muka faro ba. Iyayenmu da suka kama aikin gwamnati a shekarun 1970 sababbin motoci suka saya, da rancen mota da ma'aikatunsu ke bayarwa. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen na yi a Legas, daga baya kuma aka fara haɗa manyan motocin Fiat a Kano, na Steyr a Bauchi. Malamin makaranta mai digiri yakan hau 504 da ledarta. Faɗuwar farashin mai da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 suka karya darajar Naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, muka koma kan ta hannu da ake kawowa daga Turai ta tashar Kwatano, wadda muka laƙaba wa suna Baljiyam. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin mai, litar fetur da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa Naira 1,000. A daidai lokacin Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500. Yau ita kanta Baljiyam ɗin ta zama ta masu hali. Abin da ya rage wa malami da ma'aikacin jinya da ƙaramin ɗan kasuwa shi ne motar da ta tsufa a can, ta zo nan ta ƙara tsufa. Don haka tambayar ɗalibina tambayarmu ce mu duka.

Ni ma na taɓa tsayawa inda yake tsaye, kuma ban fita da daɗi ba. A 2010, ina ƙaramin malami a jami'a, na ci rance na sayi motata ta farko. Shekararta 14, amma mitarta na nuna kilomita 78,000 kacal, fentinta na ƙyalli, kujerunta an yi musu sabuwar riga. Wannan lamba ita ta ruɗe ni. Ranar da na je dubawa na tarar an riga an tayar da ita tana ta aiki, dillali na cewa ai don kada in sha wahalar jira ne. Ban tafi da bakanike ba, domin ina ganin mai digiri biyu ba ya buƙatar wanda bai gama firamare ba ya koya masa sayayya. Mako uku bayan haka, a kan hanyar Zariya, daf da Kwanar Ɗangora, hayaƙi ya turnuƙe daga gaban motar, ina ɗauke da matata da jaririyarmu, da rana tsaka a watan Afrilu. Da aka buɗe injin sai ga tsohon gyara na ɓoye, gaskit ɗin ya ƙone ba sau ɗaya ba. Bakaniken da ya duba ta ya shafa robar birki da ta kulochi, waɗanda suka cinye har ƙarfe ya fito, ya ce, "Malam, ƙafar da ta cinye wannan roba ta yi tafiyar da ta ninka abin da ke rubuce sau uku." Cikin wata 18 na kashe mata fiye da rabin kuɗin da na saye ta, daga ƙarshe na sayar da ita a wulaƙance, ina kuma ci gaba da biyan bashinta wata shida bayan ta bar hannuna.

Mota ta biyu a 2014 na saye ta, daga hannun wani dattijon malaminmu da zai yi ritaya. Ita kuma mitarta mil 190,000 take nunawa, lambar da ta sa mutum biyu suka juya kafin ni. Amma dattijon ya miƙo mini wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta, wanda a ciki ya rubuta duk ranar da ya yi juyen baƙin mai, da duk abin da ya taɓa canzawa, da kuɗinsa. Ya kuma lissafa mini da bakinsa abubuwa uku da ke damunta. Wannan mota ita nake hawa har yau. Ita ta riƙe ni a yajin aikin 2022, wata takwas ba albashi, ba ta taɓa neman abin da ya fi ƙarfina ba. Daga waɗannan motoci biyu na koyi cewa lambar da ke kan mita shaida ce guda ɗaya tak, kuma shaida ce da ake iya saye.

To me lambar ke nufi? Da farko mai saye ya tantance ko mil ne ko kilomita. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka da mil suke ƙirge, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne da 'yan kai. Ke nan 240,000 ɗin da ɗalibina ya gani kimanin kilomita 386,000 ne, wato kusan daidai da tazarar da ke tsakanin duniya da wata. Da na faɗa masa haka sai ya yi salati. Sai na ce ya raba lambar da shekarun motar. Mil 240,000 cikin shekara 20 mil 12,000 ne a shekara, abin da ba ya wuce tafiyar magidanci mai zuwa aiki kullum. Wannan lamba ta dace da shekarunta, kuma dacewar alama ce cewa wataƙila ba a taɓa ta ba. Motar da ya kamata ta ba mutum tsoro ita ce mai shekara 20 da ke nuna 60,000, domin mayar da mita baya, ko ta allura ce ko ta lantarki, aikin mintuna ne a wurin wanda ya iya. Kakanninmu in za su sayi doki ba sa tambayar mai shi shekarunsa, bakinsa suke buɗewa su duba haƙora. Haƙoran mota su ne robar birki, da santsin sitiyari, da kan giya, da lotsawar kujerar direba, da yadda ƙofarsa ke rufuwa.

Sannan ba duk kilomita ne suke daidai ba. Motar da ta yi rayuwarta a kan doguwar hanya mai kyau, injinta a ɗumame, giyarta a wuri ɗaya na tsawon awanni, ba ta gajiya kamar wadda ta yi rabin wannan tafiya a cunkoson Kasuwar Kwari ko Mararraba, ana taka birki ana saki, ana kashewa ana tayarwa. Yawancin cin da inji ke yi wa kansa a mintunan farko ne bayan an tayar da shi da sanyi, kafin baƙin mai ya zagaya. Wadda kuma aka yi haya da ita tsakanin garuruwa, ana loda mata fasinja shida da buhuna a but, ƙafafunta da gindinta sun ga abin da mita ba za ta faɗa ba. Tambayar da ta fi yawan tafiya muhimmanci ita ce, wa ya yi tafiyar, a wace hanya, kuma yaya ya kula da ita?

A nan ne matsalar take, domin mai sayarwa ya san amsar, mai saye bai sani ba. A 1970 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya wallafa maƙala a kan wannan batu daidai, ya ɗauki kasuwar tsofaffin motoci a matsayin misali. Hujjarsa ita ce, tunda mai saye ba ya iya bambance mai kyau da akwala, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, sai ya taya matsakaicin farashi. Mai mota mai kyau ya ga an taya masa ƙasa da darajarta, sai ya fasa sayarwa ko ya ba ɗan'uwansa. A hankali akwaloli su cika kasuwa. Wannan nazari na daga cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Mu kuwa tun a zaure aka karantar da mu, a babin ciniki, cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Kowa ya san ƙissar mai sayar da abincin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarinsa ya ji danshi a ƙasa, ya yi masa faɗa don bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Da ana aiki da wannan a kasuwannin motocinmu, da rabin rubutun nan bai zama dole ba. Amma abin da ake ji a bakin dillali shi ne, in mota ta fita daga fili shi ke nan.

Tunda haka ne, dole mai saye ya nemo wa kansa ilimin da aka hana shi. Na ce wa ɗalibina abu na farko ya cire gaggawa daga cinikin. Duk hajar da aka ce sai yau ko ta wuce, a ƙyale ta ta wuce. Ya gaya wa mai motar cewa zai zo ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe da bakanikensa, kuma kada a tayar da ita kafin su iso. Ya kuma nemi bakaniken da ba shi da alaƙa da dillali, ya biya shi kuɗin aikinsa ko an saya ko ba a saya ba, domin wanda la'adarsa ta rataya a kan ƙulluwar ciniki ba zai ga aibi ba.

Dalilin zuwa da sassafe shi ne inji mai sanyi ba ya iya ƙarya. A sa hannu a kansa a tabbatar ya kwana. A murɗa makulli rabi, a ga duk fitilun gargaɗi sun kama, musamman ta inji da ta jakar iska, sannan su mutu bayan an tayar. Fitilar da ba ta kama ba sam, mai yiwuwa cire ta aka yi don kada ta tona asiri. A saurari ƙarar sakannin farko. A koma baya a dubi salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin injin na shan baƙin mai, baƙi na nufin yana ɓarin fetur, fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi kuma na nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba, wato gaskit ko kan silinda. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga kumfa mai launin shayi da madara, ruwa ya gauraya da mai. In kuma an ga baƙin daskararren datti kamar kwalta, mai ita ba ya juye a kan lokaci. A dubi lagireto tun yana da sanyi, ko akwai maiƙo a saman ruwan. A tambayi ko an cire tamostat, ko an haɗa fanka kai tsaye tana juyawa ba tsayawa, domin sau da yawa wannan dabara ce ta rufe tarihin zafi. In giyar mai sarrafa kanta ce, a zaro sandar awon manta a sansana. Ja ko ruwan ƙasa mai haske lafiya ne, baƙi mai ƙauri kuwa alamar giyar ta kusa. Sannan a tuƙa ta aƙalla rabin awa, a cikin gari da kan babbar hanya, domin akwai cutar da ba ta bayyana sai ƙarfe ya yi zafi.

Bayan inji sai gangar jiki. A kai ta kan rami a duba ƙarƙashi. Ƙasashen da ke da dusar ƙanƙara suna watsa gishiri a kan tituna, gishirin kuma na cin ƙarfe. Inji ana iya sauke shi a ɗora wani, amma ƙashin mota in ya ruɓe babu magani. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba ko akwai busasshen taɓo, ko tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera, ko warin rima, domin motocin da ambaliya ta shanye a can, kamar ta guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017, ana yin gwanjonsu, kuma wayoyin irin wannan mota ba sa daina ba da wahala. A dubi tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bodi ko ta yi daidai ta kowane ɓangare, da launin fenti a hasken rana, don gane wadda ta taɓa yin mummunan hatsari. A tabbatar ba a juya sitiyarinta daga dama zuwa hagu ba. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, kuma motar da aka yanke aka sauya wa sitiyari a gefen hanya ba abin ɗaukar iyali ba ce. A leƙa ko tukunyar tace hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi, tana nan, domin ana yanke ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. A tambayi ko injin da bel yake aiki ko da sarƙa, in bel ne yaushe aka canza shi, domin a wasu injuna tsinkewarsa a guje na nufin sauke inji gaba ɗaya. Tayoyi ma suna da ranar haihuwa, lambobi huɗu ne a gefensu, inda 2318 ke nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tsohuwar taya da zafin kwaltar bazara sun raba iyalai da yawa da masoyansu.

Akwai kuma taimakon zamani. Duk motar da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'ura ta karanto matsalolin da kwamfutar motar ta adana, kuma masu wannan na'ura sun yawaita a garejinmu. Kowace mota kuma tana da lambar shaida mai harafi da alƙalami 17, wadda ake gani ta gilashin gaba a gefen direba. Da ita ana iya sayen rahoton tarihin motar ta intanet, a ga ko ta taɓa hatsari ko nutsewa, da abin da mitarta ke nunawa kafin ta baro can. In rahoton ya ce ta bar Amurka da mil 180,000 shekara bakwai baya, yau kuma tana nuna 120,000, an gama magana. Wannan lamba dole ta dace da wadda ke kan takardun kwastan da na mallaka. Motar da takardunta ba su cika ba, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, domin ƙarshenta ko a ƙwace ta a hanya, ko ka kwana a ofishin 'yan sanda kana bayanin inda ka samo kayan sata. A rubuta yarjejeniya, da shaidu, da hoton katin shaidar mai sayarwa.

Ko da mota ta tsallake duk wannan, saura lissafi, wanda shi ne yawancinmu muke gudu. Kuɗin saye kafin alƙalami ne kawai. Na sa ɗalibina ya ɗauki biro. Kilomita 40 kullum, zuwa da dawowa, kwana 22, ya zama 880. A haɗa da asibiti da kasuwa da zumunci, a ce 1,000 a wata. Mu ƙaddara motar na shan lita 10 a kowane kilomita 100, lita 100 ke nan, in lita tana Naira 900, Naira dubu 90 a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 Naira dubu 70 ne. In kuma mai silinda shida ce, ko gajiyayyen inji mai shan lita 14, kuɗin ya zama dubu 126. Bambancin dubu 36 a wata ya kai dubu 432 a shekara, wato cikin shekara biyu da 'yan watanni rangwamen miliyan gudan da ya ja hankalinsa ya ƙone a salansa. Ba banza ba manyan motoci masu ƙishirwa suka yi araha tun da aka janye tallafi. A kan wannan a ɗora juyen mai, da taya, da batir, da sabunta takardu, da cirar rancen da ke jiransa duk ƙarshen wata.

Ƙa'idata ita ce, duk wanda zai sayi tsohuwar mota ya ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa ya ajiye, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai miliyan 2.8 motar miliyan 2.2 ce tasa. In ya sayi ta 2.6, ranar da giya ta tsaya motar za ta zama rumfar awaki a ƙofar gida, bashi kuma na tafiya. Haka nan ya zaɓi irin motar da bakaniken unguwarsu ya sani, wadda kayanta ke zube a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ba wadda sai an aika Ladipo an jira mako biyu ba. Wannan ne ya sa tsofaffin Corolla da Golf da 406 ke riƙe farashinsu, yayin da wata ƙasaitacciyar mota mai kujerun fata ke neman mai saye a rabin kuɗi.

Dole kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya kan dalilin sayen. Da yawanmu idon jama'a muke saya wa mota. Na san nauyin a kira mutum Dakta a gan shi yana tsaron Adaidaita Sahu, na kuma san yadda surukai ke kallon wanda ya zo biki a kan babur. Amma masu kallon ba za su taya ka tura ta ba. Akasin haka, ranar da ka yi mota ka zama direban dangi, na kai amarya da na zuwa gaisuwa, da man aljihunka. Buƙatar ɗalibina ta gaskiya ce, mace mai naƙuda da tsakar dare da tsohuwa mai ciwo ba abin wasa ba ne. Sai dai wannan buƙatar ita ce ta fi wajabta masa tsantseni, domin motar da za ta ƙi tashi a daren da aka saye ta dominsa, gara babu ita, ko ba komai da mutum ya yi wani tanadin.

Ranar Asabar na bi su da kaina, da bakanikena. Abin mamaki, mutumin da aka ce yana jira da kuɗi bai zo ya ɗauke ta ba. Injin ya ba mu kunya, domin lafiyarsa lau, ba hayaƙi, ba ƙara, mil 240,000 ɗin nan bai gajiyar da shi ba. Ƙarƙashinta ma ba laifi. Amma fitilar inji ba ta kama ba da aka murɗa makulli, kuma bayan mun yi tafiyar minti ashirin, motar ta fara jinkirin shiga giya ta uku, sai inji ya yi kuka sannan ta fizga. Bakanike ya sansana man giya ya dube ni ya ce, "Dakta, wannan ba za ta kai Sallah ba." Muka yi lissafin giya ta hannu da tayoyi huɗu, muka ce wa mai ita ya rage dubu 600. Ya ce shi bai san da wata matsala ba, kuma ko sisi ba zai rage ba. Muka yi masa sallama.

A hanyar dawowa ɗalibina bai ce uffan ba, na kuma san abin da ke ransa. Ya riga ya gaya wa matarsa, ya riga ya ga kansa a ciki. Har yau da nake wannan rubutu yana kan babur ɗinsa, yana ci gaba da nema. Matarsa ta sauka lafiya makonni uku da suka wuce, wani maƙwabci da suka yi magana da shi tun da wuri ne ya kai su asibiti. Kuɗinsa na nan, ko da yake hauhawar farashi na gutsurarsu kullum, kuma wannan ma asara ce da ba zan ɓoye ba. Amma asara ce da ake iya gani ana aunawa.

Saboda haka ga amsata ga duk mai irin wannan tambaya. Tsohuwar mota mai yawan tafiya tana iya zama rabo, in an san hannun da ta fito, in bakaniken da kai ka biya ya duba ta da sanyi da zafi, in takardunta sun cika, in kuma bayan ka biya akwai sauran abin gyara da na mai a aljihunka. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, araharta bashi ce da za ka biya a gareji. Ga masu mota kuma, ku sayi littafin rubutu ku ajiye a cikinta kamar yadda dattijon malamina ya yi, ranar sayarwa zai yi muku abin da sabon fenti ba zai yi ba. Ga 'yan'uwana dillalai, ku tuna cewa wanda kuka ɓoye wa aibin birki ko taya, iyalinsa zai ɗauka a ciki.

Allah Ya hore mana abin hawa mai albarka, Ya tsare mu a hanyoyinmu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan batun haya.